Ranar da Na Matse Sitiyarin Baba Bukar

'Ya'yana, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidanmu na Jakara, na kuma tabbata kowannenku ya ji ta daga bakin gwaggwanninku, cewa wai direban kakanku, Malam Bukar, da gangan ya jefa mota cikin marinar Ƙofar Mata saboda haushin an fara zarginsa. Na sha gyara wannan magana da baki, amma sai in ji ta sake fitowa a wurin suna ko biki kamar ban taɓa cewa komai ba. Shi ya sa na ware mata babi guda a wannan tarihin rayuwata da nake rubuta muku. Ina cikin motar ranar da abin ya faru, kuma hannuna ya shiga lamarin tun kafin ranar.

Shekarar da na gama makarantar koyon sana'a ce, shekaru kaɗan kafin mulkin kai. Na dawo gida da takardar shaidar aikin injin mota, da akwatin sifanu da aka ba ni don na zo na ɗaya, da wani hali da ban gane ina da shi ba sai da girma ya zo: duk abin da bai yi daidai da littafi ba, a wurina ko jahilci ne ko ha'inci. Mahaifina, wanda har mu 'ya'yansa Alhaji muke ce masa, fataucin goro yake yi. Yana da baƙar mota ƙirar Ingila wadda aka ƙera tun kafin babban yaƙi, ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Lungunmu ba ya cin mota, don haka aka yi mata rumfar kwano a bakin hanya, da ƙofa da kwaɗo. Malam Bukar ne ke tuƙa ta tun ranar da ta zo hannunmu, shekara goma sha ɗaya ke nan a lokacin. Kakansa ne ya zo daga Barno, shi a nan cikin birni aka haife shi. Dogo ne, maganarsa ba ta da yawa, kuma mu yaran gida Baba Bukar muke ce masa.

Zargin daga Baffa Inuwa ya faro, ƙanin Alhaji. Ya koyi tuƙi a wurin wani mai babbar mota a Fagge, sai wata rana ya matsa a ba shi motar gida ya gwada. Bai yi nisa ba ta riƙa kai shi dama da hagu, har ya kusa kwashe teburin wani mai tsire, mutane suna dariya. Daga ranar bai sake zama a zaure ba tare da ya kawo zancen motar ba.

"Yaya, motar nan fa ba taka ba ce, ta Bukar ce. Kai dai naka zuba mai."

"Me ka gani?" in ji Alhaji.

"Da hannuna na riƙe ta. Ka juya, ka juya, ba ta san kana yi ba, sai can ta waiwayo kamar kurman jaki. Haka direbobi suke yi yanzu, su sassauta mota yadda ba mai iya tuƙa ta sai su. Wasu ma kayan asali suke cirewa su kai Sabon Gari, su maye gurbinsu da ruɓaɓɓu."

Na ga maganar ta zauna wa Alhaji. Ya fara tambayar inda aka je da wanda aka ɗauka. Idan Baba Bukar ya buɗe bonet, sai Alhaji ya tsaya a kansa yana kallo, alhali bai san bambancin injin da tukunyar ruwa ba. Mahaifiyata ce kaɗai ta ce daga bayan labule, mutumin da ya yi shekara goma yana kai ku yana dawo da ku lafiya, yau kuma ƙanin miji ya kasa tuƙi sai direba ya zama ɓarawo? Ni kuwa, a gaskiya, ina wajen Baffa, domin na riga na taɓa sitiyarin na ji yadda yake, har na yi wa Baba Bukar magana wata safiya yana goge gilashi.

"Baba Bukar, sitiyarin nan yana wasa da yawa."

"Yana yi."

"A makaranta an koya mana kada wasa ya wuce faɗin yatsa ɗaya."

"Motar makarantarku shekararta nawa?"

"Sabuwa ce."

"To, Injiniya, bar tsohuwa ta yi tafiyarta ta tsofaffi."

Na ɗauki wannan amsa a matsayin kaucewa. Na kuma lura cewa bayan motar, inda jak da sauran kayan aiki suke, kullum a kulle yake, mabuɗin yana ɗaure a lalitarsa. Mai gaskiya, a tunanina na lokacin, me zai kulle?

Wata Alhamis bayan azahar Alhaji ya kira ni soronsa, ya rufe ƙofa, ya ciro wani mabuɗin kwaɗon rumfa da ban taɓa sanin yana da shi ba. Baba Bukar yana da al'ada, duk Juma'a daga masallaci sai ya wuce Goron Dutse gaida yayarsa, ba ya dawowa sai bayan la'asar.

"Gobe idan an sauko, ka shiga ka duba mini ita. In an cire wani abu, ina so in sani. Dubawa kawai na ce, kuma kada wani ya ji."

Na shiga rumfar da akwatin sifanuna, na ja ƙofa na bar 'yar kafa don haske. Na kwanta ƙarƙashin motar ina neman laifi, kuma ina so in same shi. Na bi sandunan da ke jan tayoyi ɗaya bayan ɗaya, na girgiza kowace mahaɗa, na goge lambobin da ke jikin ƙarafa. Duk na asali ne, duk sun sha giris, babu noti ɗaya da ya kwance. Ban taɓa ganin tsohuwar mota da aka kula da ita haka ba, kuma maimakon wannan ya kwantar mini da rai sai ya ƙara mini zargi: mutumin da ya iya aiki irin wannan, ba rashin sani ne ya sa ya bar sitiyari sako-sako ba. Na miƙar da tayoyi, na yi alama da alli a jikin sitiyarin, na juya shi a hankali har na ji ya kama. Faɗin yatsu uku cif yake tafiya kafin tayoyi su motsa.

Bari in yi muku bayani, domin motocin yanzu ba haka suke ba. A ƙarshen sandar sitiyari, can ƙasa gefen injin, akwai wani akwatin ƙarfe da bai fi ƙaramar ƙwarya ba. A cikinsa akwai ƙarfe mai zare irin na sukuru, da wani haƙori da ke bin zaren. Idan direba ya juya sitiyari, zaren ya tura haƙorin, haƙorin ya ja tayoyi. Da tsufa sai su ci juna a sami rata a tsakaninsu, ita ce ake kira wasa. A saman akwatin an sa sukuru da notin da ke riƙe shi, don a matso haƙorin a rage ratar. Aikin bai fi na minti goma ba, ga sifanar da ta dace a hannuna. Na sassauta notin, na murɗa sukurun kwata, na je na gwada, na dawo na ƙara, har wasan ya koma ƙasa da yatsa ɗaya. Na ɗaure notin tamau. Amma akwai mataki na ƙarshe da malaminmu ya nanata mana, wanda na rubuta da hannuna a jarrabawa: bayan an matse, a ɗaga gaban mota da jak, a juya sitiyari daga ƙarshen dama zuwa ƙarshen hagu, a ji ko yana cijewa. Dalili shi ne tsohon akwati a tsakiya yake cinyewa, domin mota yawancin rayuwarta a miƙe take tafiya, gefunan zaren kuwa suna nan da kaurinsu. Idan ka matse tsakiya har wasa ya ɓace, gefe zai cije. Jak yana bayan mota a kulle, ladan kuma ya fara gyaran murya. Na goge hannuna na fita.

Na gaya wa Alhaji cewa ba a sauya komai ba. Ya dube ni ya ce, ka tabbata? Na ce na tabbata. Ban ga alamar ya ji daɗi ba. Zancen matsewar kuwa ban yi masa ba, domin ina so gobe shi da kansa ya ji motar ta nutsu, ya tambaya, sannan in ce ni ne.

Ranar Asabar da hantsi za mu tashar jirgin ƙasa karɓar huhunan goro. Alhaji da Baffa Inuwa suka zauna a baya, ni a gaba kusa da direba. Baba Bukar ya yi bisimilla ya riƙe sitiyarin, ya ɗan kaɗa shi yadda ya saba, sai hannunsa ya tsaya. Ya sake kaɗawa. Bai dube ni ba, madubi ya ɗaga ido ya duba.

"Alhaji, an shiga rumfar nan jiya?"

"Wa zai shiga?" in ji Baffa. "Ba kai ke da mabuɗi ba?"

Alhaji ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa na kafa ido a gabana. Baba Bukar ya jima kaɗan, sannan ya tayar da mota. Ya tafi a hankali fiye da kullum, har Baffa ya ce ko jana'iza muke rakiya. A miƙaƙƙiyar hanya motar ta tafi sak, ba ta karkata ko'ina, ni kuwa zuciyata fal da alfahari. Sai da muka iso daidai marinar Ƙofar Mata, wani jaki ɗauke da buhunan toka ya faɗo hanya daga lungu. Baba Bukar ya murɗa sitiyari da ƙarfi ya kauce masa, ya zo mayarwa, sitiyarin ya ƙi dawowa. Na ga jijiyoyin hannunsa sun tashi. Ya taka birki, amma ƙasar wurin jiƙe take da ruwan rini, motar ta zame ta nufi ramukan da marina suke tsugune a bakinsu. Wani dattijon marini ya yi tsalle ya faɗa raminsa har wuya. Tayar gaba ta afka wani tsohon ramin da aka daina amfani da shi, motar ta tsaya a karkace. Ƙirjin Baba Bukar ya bugi sitiyari, haƙarƙarinsa biyu suka tsage. Mu uku ko ƙwarzane ba mu yi ba. Aka ciro dattijon shuɗi fes yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro mota, aka taru da igiya aka ja motarmu waje.

Bayan la'asar aka zauna a zaure, da maƙwabta biyu da limamin unguwa. Baba Bukar ya zo duk da ciwon, maɗori ya naɗe masa ƙirji da tsumma, yana numfashi guntu-guntu. Baffa ne ya fara.

"Shekara goma sha ɗaya yana bin hanyar nan, bai taɓa kuskure ba sai makon da ya ji ana maganarsa? Ku duba mana. Ya nuna mana ne cewa ranmu a hannunsa yake."

"Ina cikin motar, Malam Inuwa," in ji Baba Bukar. "Mai son kashe mutane ba ya fara da ƙirjinsa."

"Ai ba kisa ka nufa ba, tsoratarwa ce ta fi ƙarfinka."

"An taɓa notin akwatin sitiyari. Na leƙa kafin a ja ta. Gurbin sifana sabo ne."

"Wa ke da sifana a gidan nan in ba kai ba?"

Duk wanda ke zauren ya san akwai wani mai sifana, domin Alhaji da kansa ya zagaya da akwatina yana nuna wa mutane ranar da na dawo. Amma ba wanda ya juyo wajena. Baba Bukar ma bai juyo ba. Liman ya ce a bar maganar zuwa Laraba, zuciya ta huce. Alhaji ya miƙa hannu, Baba Bukar ya kwance mabuɗan daga lalitarsa ya ba shi.

Da aka watse Alhaji ya ja ni soro. Bai tambaye ni ba, ya riga ya sani.

"Dubawa na ce."

"Na so in gyara ne, Alhaji."

"Ka gyara. To, saurara. Maganar nan a ɗakin nan za ta tsaya. Wata mai zuwa za ka fara aiki a garejin gwamnati, in aka ji aikinka na fari ya jefa mota a rami, wa zai ba ka ko keke? Ni kuma ba za a ce a kasuwar Kurmi na sa ɗana ya yi wa barana leƙen asiri ba. Bukar zan sallame shi da mutunci, ba zai rasa abin yi ba."

"Da sunan wanda ya yi ganganci da ran ubangidansa, wa zai ɗauke shi?"

"Kai na haifa ko kai ka haife ni?"

Kwana uku na yi ina kai da kawowa. A cikinsu na ji maganar tana girma: a bakin rijiya an ce Baba Bukar ya sha wani abu, a wurin mahauta an ce wani abokin hamayyar Alhaji ne ya saye shi, yaran gida da yake saya wa alewa suka fara cewa dama idonsa ja ne. Kowa a gidan ya koma kallon kowa. Baffa yana lura da shigata soron Alhaji, Alhaji yana lura da bakina a wurin cin abinci, mahaifiyata kuwa ta ga baƙin giris a gefen rigata ta Juma'a da ta zo wanki, ta ninke rigar ta ajiye mini a kan gado ba ta wanke ba. Ba zan ce muku jarumtaka ce ta motsa ni ba. Na dai kasa cin tuwo, kuma na san duk notin da zan ɗaura a rayuwata sai na tuna wannan.

Ranar Laraba aka sake zama, Baba Bukar bai zo ba saboda zazzaɓi. Liman bai gama addu'ar buɗewa da kyau ba na ce ina da magana. Na faɗi abin da na yi daki-daki, da ranar, da lokacin, da matakin da na tsallake. Ban ambaci wanda ya ba ni mabuɗi ba, sai Baffa ya tambaya.

"Ta ina ka shiga?"

Na sunkuyar da kaina. Sai Alhaji ya ajiye carbinsa.

"Ni na ba shi."

Ya tashi ya shiga gida. Daga ranar har azumi ya zagayo bai sake cin abinci a kwano ɗaya da ni ba, saƙonsa ta bakin ƙannena yake zuwa mini. Aikin gareji na same shi, sai dai labarin ya riga ni isa, shekara biyu ana kirana Injiniyan Marina. Baffa kuwa ya fita yana gaya wa mata cewa yaro ne ya ɗauki laifi don ya rufa wa tsoho asiri, kuma tasa maganar ce ta rayu har ta iso kunnuwanku.

Saƙo ɗaya Alhaji ya ba ni da bakinsa a wannan shekara. Washegarin zaman ya miƙo mini mabuɗan, fuskarsa a gefe, ya ce in kai wa Bukar, in ce idan ya warke mota tana jiransa. Na same shi a ƙofar gidansa a kan tabarma, ya jingina da bango. Na durƙusa na gaishe shi, na ba shi haƙuri, na ajiye mabuɗan a gabansa.

"Na ji abin da ka yi jiya," ya ce. "Allah ya yi maka albarka. Amma ka makara da kwana huɗu, Injiniya."

"Baba, tun a rumfa ka san ni ne?"

"Allinka yana jikin sitiyari, ba ka goge da kyau ba."

"To me ya sa ka tuƙa?"

"Na yi tambaya, ka ji amsar da aka ba ni. Da na ce ba zan tuƙa ba, Baffanka zai ce an gyara abin da na ɓata ne nake fushi. Na ce bari in lallaɓa ta zuwa tasha, in sassauta a can ba wanda ya sani. Wannan kuskuren nawa ne, ban sa jaki a lissafi ba."

Akwai tambayar da take damuna tun ranar Juma'a, kuma ko a wannan hali zargin bai sake ni ba.

"Baba, na auna wasan, yatsu uku ne. Tsohon akwati yana bukatar rata, na yarda. Amma har uku?"

Ya fara dariya, ciwon ya tsayar da shi, ya dafe ƙirji.

"Biyu nata ne, in ka rage su za ta cije, ka gani da idonka. Na ukun nawa ne. Na ƙara shi watan da Inuwa ya fara koyon mota. Ina da 'ya'ya shida."

Ya sa yatsa ya turo mabuɗan gabana.

"Ka ce wa Alhaji na gode, na kuma yafe. Amma in na koma, shi zai zauna a baya yana kallon ƙeyata, ni kuma kullum sai na leƙa noti kafin in tayar. Ba a tuƙi haka."

Da ya warke ya sami babbar mota mai zuwa Nguru, ita ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare. Bai sake taka zaurenmu ba sai ranar jana'izar Alhaji, ya yi salla a sahun baya ya tafi.

A ranar dai na koma gida na mayar da mabuɗan. Alhaji ya karɓa, ya juya su a tafin hannunsa, sannan ya tambaye ni, karo na ƙarshe da ya yi mini magana kafin azumi.

"Bai ce komai ba game da sitiyarin? Inuwa ƙarya ya yi masa?"

Ni da na tsaya gaban liman jiya don gaskiya, na dubi mahaifina na ce Baba Bukar bai ce komai ba. Zancen yatsa na uku ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku, yau da duk waɗanda abin ya shafa suka riga mu gidan gaskiya.